Ƙarfen Da Bai Faɗi Ba

Ɗalibai suna kiranta Dakta Ciyawa, kuma ba su yi ƙarya ba. Shekara goma sha ɗaya tana auna ciyawar wani fili da jami'a ta kewaye mata da waya, don a ga yadda ciyawa ke farfaɗowa idan dabba ba ta taka ta ba. A kan filin nan aurenta ya mutu, ƙawaye suka gaji da gayyatarta. Abokan karatunta duk sun zama farfesa, ita tana nan tana durƙusa wa gamba. Awo ɗaya ya rage ta rufe binciken ta miƙa takardun neman farfesa, kuma ranar Litinin za a rufe karɓa.

Ranar Alhamis taron sashe ya cinye mata yini, sai da rana ta yi ja ta isa filin ita kaɗai. Ta buɗe kwaɗon, ta shiga da almakashi da littafin awonta. Awon shekara ukun ƙarshe a littafin kawai yake, kullum cewa take gobe za ta shigar a kwamfuta.

Aikin ba wuya. Akwai ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗinsa kamar taga. Mai awo zai juya baya ya wurga shi ta kan kafaɗa ba tare da ya duba ba, don kada ido ya zaɓi wuri. Duk abin da ya faɗa cikin ƙarfen a ƙirga shi, a yanke, a tafi da shi.

Ta wurga sau uku, ta yanka, ta rubuta. Ta wurga na huɗu ta tsaya jiran ƙarar faɗuwarsa.

Ba ta ji ba.

Kukan gyare ya ɗauke. Sai warin ɗanyen kashin shanu ya daki hancinta, a filin da rabonsa da kofato shekara goma sha ɗaya. Daga bayanta ta ji tuƙa, baki da yawa, a hankali. Wani numfashi mai ɗumi ya sauka a ƙeyarta.

Ta juya. Shanu ne farare fat, sun cika filin har bakin waya, kuma ciyawa ba ta kwanta a ƙarƙashinsu ba. A tsakiyarsu wani dogon tsoho yake tsaye da sanda a kafaɗa, ƙarfenta a hannunsa. Ta ɗaga kai neman fuskarsa, ta rasa inda fuskar ta fara.

"Sannu, Baba," ta ce. "Nan ba a kiwo."

"Mu kika kewaye, 'yata." Maganarsa ƙasa-ƙasa take. "Mun ji daɗin shingen, mun huta da hayaniya. Amma shekara nawa kina jifanmu ta baya, ko sallama babu?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Bai matsa daga inda yake ba. Hannunsa ne ya miƙe, ya yi ta zuwa, ya zura mata ƙarfen ta ka, ya sauke shi har ƙasa. Ƙafafunta biyu suna ciki.

"Ya dokar taku take? Abin da ya faɗa ciki?"

Ta koyar da dokar nan ga ɗalibai sun fi dubu.

"A tafi da shi," ta raɗa.

"To. Mu ba ma ɗaukar abin da ke da mai nema. Wa zai neme ki?"

Ta buɗe baki. Ta bi ofis, ta bi maƙwabta, ta bi ɗakinta mai kofi ɗaya da kujera ɗaya. Yayanta ya faɗo mata a rai, amma rabon da ta ɗaga wayarsa an fi wata shida, har ya daina kira. Tsoron tsohon bai kai zafin wannan shirun ba. Hawaye ya zubo mata.

Shanun suka matso. Hanci mai sanyi ya taɓa tafin hannunta.

"Zo," in ji shi. "Wurinmu ba a kwana shi kaɗai."

Abin kunyar shi ne ta so zuwa. Har ƙafarta ta ɗaga.

Sai ta ji nauyin littafin a hammatarta. Ta sake shi ya faɗi cikin ƙarfen, ta ambaci sunan Allah da iyakar muryarta, ta yi tsalle waje.

"Ga abin da ya faɗa ciki."

Ba ta tsaya jin amsa ba. Wayar shingen ta yage mata hannu, takalmi ɗaya ya tsaya a can. A bayanta ta ji ana tauna takarda.

A mota ta kunna wayarta tana haki. Ta duba kwanan wata, ta goge fuskar wayar da gyalenta ta sake dubawa. Talata ce. Kwana biyar ta yi a filin nan, kuma babu kira ko ɗaya da ta rasa, babu saƙo.

Ba ta zama farfesa ba, ba ta kuma sake neman ba. Kwaɗon filin yana nan a rufe, kuma in ɗalibai za su wurga ƙarfe a ko'ina, sai ta sa sun yi sallama tukuna, suna dariya a ɓoye. Kullum da magariba takan kira yayanta. Da abin ya ishe shi, wata rana ya tambaye ta.

"Auta, lafiya kuwa? Da sai in yi ta kira ba ki ɗauka."

"Lafiya lau, Yaya. Ni dai ranar da ban kira ba, don Allah ka neme ni."