Ranar da Sarki Ya Fita Ba Sanda

Da hantsi aka kira Sufeto fada: an sace sandar sarauta daga ɗakin shawara.

Ya duba ƙofa, ya ga kwaɗo lafiyarsa lau. Mai gadi ya rantse bai gusa ba, sai da Sufeto ya tsare shi da ido ya amsa cewa ya ɗan zaga shan shayi. Ya ƙara da cewa har dardumar gaban kujera babu, kuma bai faɗa wa kowa ba don tsoro.

Makulli biyu ne, ɗaya wurin sarki, ɗaya wurin ƙaninsa, sakataren fada. Ƙanin ya ce shigowarsa gari ke nan, ko ɗakin bai leƙa ba.

Suna cikin haka aka kawo labarin manoma da makiyaya sun ja daga a bakin rafi. Sufeto ya nemi ƙarin 'yan sanda, aka ce sai yamma. Fadawa suka roƙi sarki kada ya fita hannu wofi, za a raina shi. Tsohon ya sa takalminsa kawai.

Sufeto ya bi shi, hannu a kan bindiga. Sarki ya ratsa tsakiyar adduna, yana kiran mutane da sunayen iyayensu, yana tambayar ƙafar wannan da jinyar uwar wancan. Ya ɗaga tafin hannu. Aka zube ƙasa, har kukan tsuntsu ana ji. Sufeto ya sha tarwatsa taro da barkonon tsohuwa, amma bai taɓa ganin fushi ya zauna da kansa ba.

A hanyar dawowa ƙanin ya yi tsaki, ya ce ɓarawon da ya haɗa har da darduma ba shi da imani.

Sufeto ya juya ya ce, "Wa ya gaya maka darduma ta ɓata?"

"Ai... kowa ya sani."

"Mutum biyu suka sani. Kai ne na uku. Buɗe but ɗin motarka."

Ga sanda nan naɗe cikin darduma. Ƙanin ya durƙusa.

"Yaya, so na yi a ce ka tsufa, gwamnati ta sauke ka ta naɗa ni."

Wani kurtun ɗan sanda ya riƙe ankwa yana jiran abin da sarki zai ce.

"Sulhu nawa ne, Sufeto. Sata taka ce. Tafi da shi."

Sufeto ya ƙame ya sara masa, abin da doka ba ta ce ya yi ba, sannan ya tasa ƙeyar sakatare zuwa mota.