Layin da Ya Ƙi Yin Shiru

Gab da magariba na sauka ɗakin sabar, wato babbar kwamfutar asibitin da nake aiki, don in ɗauko cajata. Inna tana kwance a sama, an maƙala mata na'urar auna bugun zuciya.

Kowace na'ura tana da layinta zuwa sabar, soket muke ce masa. Ita kuwa sabar kunne ɗaya gare ta. Ta ɗan saurari wannan, ta wuce na gaba, kamar mai rabon miya da ludayi ɗaya, sannan ta kai abin da ta ji allon nas. Da safen nan Dogo, abokin aikina mai son a ce ya iya, ya cire ma'aunin da ke ƙayyade kason kowane layi. Wai ta kwashe duk abin da layi ya kawo kafin ta wuce, zai fi sauri.

"In wani layin ya ƙi yin shiru fa?" na tambaye shi.

"Wace na'ura ce ba ta numfasawa?" ya ce, yana dariya.

Ina buɗe ƙofa na ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, a ɗakin da ko ƙura ba ta shiga. Fankokin injin suna ta gurnani. Fitilun layuka duk sun tsaya cak, sai guda ɗaya ke ƙiftawa ba hutu.

Na duba. Layin tsohon ɗakin jinya ne, wanda aka rufe tun bara. Babu gado a can, babu wuta.

Na kira nas. "Sista, yaya Inna?"

"Lafiya lau. Allo ko motsi bai yi ba."

Ashe allon tsohon labari yake nunawa. Saƙon Inna yana jira, babu mai saurarensa.

Na fizge wayar layin. Fitilar ta ci gaba da ƙiftawa.

Sai numfashi mai sanyi a ƙeyata.

"Ban gama ba," aka raɗa.

Ban juya ba. Na ja kujera gaban kwamfuta, na fara mayar da ma'aunin.

"Na daɗe ban sami mai saurare ba."

"Za a saurare ka," na ce da ƙyar. "Amma kaɗan-kaɗan, kamar kowa."

Aka riƙe wuyan rigata.

Na danna maɓallin.

Fitilu suka farka gaba ɗaya. Can sama ƙararrawa ta tsage. Na fizge jikina, rigar ta yage, na haura matakala ko takalmi babu.

An ceto Inna, amma likita ya ce an makara wa ƙwaƙwalwarta. Matar da ba ta barin kowa ya kai ƙarshen zance, yau ko sunana ba ta iya kira. Dogo ya bar aikin, ni kuma har yanzu ban iya yafe masa ba.

Layin nan ya ƙi rufuwa, mun yi mun gaji. Kowane zagaye yana karɓar kasonsa, ya koma ya jira. Ni kuwa da yamma nakan zauna a gefen Inna in kasa kunne, ina jiran nata.