Yatsa a Cikin Marfi

Ranar da ya fara ganinta, tana durƙushe a garejin gidansu tana shafa wa wani ƙaramin akwati kala da tsumma, a hankali, tana bin yadda zanen katakon ya kwanta. Shi malamin lissafi ne, ya zo neman akwatin da mahaifiyarsa za ta riƙa ajiye zare da allura. Ita kuwa Auta ce, 'yar tsohon kafintan da ciwon baya ya zaunar, ta gaji aikin har ta ƙara masa ado.

"Wace kala kake so?" ta tambaya ba ta ɗago ba. "Akwai ruwan ƙasa, akwai ruwan zuma."

Da ta ɗago, bawan Allah ya manta abin da ya kawo shi. "Ruwan zuma," ya ce, ya ja da baya, ya shure gwangwanin kala. Baba, mahaifinta, yana zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa, ya bi kalar da ido tana malala a siminti.

Kafin wata biyu, mahaifiyar Malam da yayarsa da maƙwabciyarsu duk sun sami akwati. Yakan tsaya ya saki baki yana kallon yadda Auta ke goge katako da samfefa mai kaushi, ta koma mai laushi, ta share ƙura, ta shafa kala, ta goge rarar kafin ta bushe. Hannunta bai san garaje ba, kuma abin da ya tafi da zuciyarsa ke nan. Yana kiranta Ruwan Zuma, ita kuma ta sa masa Sarkin Gaggawa.

Da maganar aure ta taso, Baba ya girgiza kai. Akwai wani mai shagon kayan ɗaki da ke sayen akwatunansu, shi ma ya nuna yana so, har yana alkawarin hannunta ba zai ƙara taɓa samfefa ba. Auta ta ji wannan alkawari kamar an ce za a kulle ta a ɗaki.

"Ban ce yaron nan mugu ba ne," in ji Baba. "Rawar kai ta yi masa yawa. Ya yi mini akwati ɗaya da hannunsa cikin sati biyu. Idan na duba ban gamsu ba, a bar maganar."

Daga nan Malam ya ɓace, kwana biyar babu kira. Auta ta sa a ranta ya karaya, ranta ya ɓaci, ta tura masa saƙo: "Idan ka fasa, ka gaya mini da bakinka. Ba sai ka ɓuya ba."

Amsa ta zo da hoton yatsu duk sartse: "Ruwan Zumana, wayar ce ba na iya riƙewa. Marfi na uku nake yankawa, biyun farko sun karkace. Kafinta ake zama ko haihuwarsa ake yi?"

Ta yi dariya har da hawaye, ta rubuta: "Sannu, Sarkina. Ka kula da gam. Duk inda ya taɓa, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma nan take. Idan ya bushe ba ka gani ba, kala ba ta kamawa."

Ya kiyaye, ko dai yana zaton ya kiyaye. Ana gobe wa'adi ya shafa kala, akwatin ya fito ruwan zuma gwanin kyau. Sai da ya juya marfin ya ga ɓarnar. A tsakiyar cikin marfin ga shatin babban yatsansa, fari tas, inda ya danna da gam a hannu. Ya goge, ya ƙara kala, shatin ya ƙi ɓuya. Sake sabon marfi kuwa, lokaci ya ƙure.

Ya kira ta. Da ta ji abin da ya faru ta ce, "Ka manna yadi a ciki, ba wanda zai gani."

"Ni na gani," ya ce. "Ba zan karɓe ki daga hannun Baba da ɓoye-ɓoye ba."

Washegari da hantsi ya ajiye akwatin a gaban Baba. Tsohon ya shafa kusurwoyin da tafin hannu, ya jijjiga shi, ya ɗaga shi ga haske. Kafin ya kai ga marfi, Malam ya buɗe da kansa.

"Baba, ga inda na ɓata. An gargaɗe ni a kan gam, gaggawa ta ci ni."

Baba ya daɗe yana kallon farin shatin. Auta tana bayan labule tana leƙe. Sai ga Mama, mahaifiyar Auta, ta fito rungume da tsohon akwatin da take ajiye 'yan kunnenta, wanda Auta ta taso tana gani kullum a kulle. Ta ajiye shi kusa da na Malam, ta buɗe, ta ɗaga wani tsohon yadi da ke manne a marfin. Ga shatin yatsa nan, ya ma fi na Malam faɗi.

"Wannan yatsan wanda ya yi mini akwatin ne lokacin yana nemana," ta ce tana kallon mijinta. "Sai da muka shekara uku yadin ya ɓalle na gani. Shi wannan yaron ko minti uku bai bari an yi ba."

Baba ya yi gyaran murya, ya sosa gemu, dariya ta ƙwace masa. "Ashe kin sani duk shekarun nan?" Ya juya ga Malam. "Ka fi ni, ɗana. Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, iyaye suka yi ta sa albarka, Baba ya ba ango tsohon zartonsa. A sabon gida, ɗaki guda aka ware wa katako da gwangwanayen kala. Wata safiya Auta ta tarar da angonta riƙe da samfefa yana shirin goge shatin, yanzu da ya koyi yadda ake yi. Ta karɓe akwatin ta rungume.

"Kada ka taɓa," ta ce. "Duk akwatin nan, nan ne wurin da na fi so."

Allah ya bar su tare, ya albarkaci hannuwansu da gidansu.