Lambar Malam Kuwabara

Sufeto Onodera bai kai ga buɗe kwanon shinkafarsa ba waya ta yi ƙara. An ga gawa a gindin matakalar ɗakin taro na unguwa, a birnin Morioka na ƙasar Japan. Ya yi tsaki, ya jawo kwat ɗinsa. Saura wata huɗu ya yi ritaya, ga gwiwa tana damunsa.

Mamacin Malam Kuwabara ne, tsohon malamin lissafi. Matar da ke share ɗakin ta rantse tun safe ba ta motsa daga wurin ba.

"To wa ya shigo, Iya?" Onodera ya tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai. "Gaskiya na leƙa wajen likitan haƙori, yallaɓai. Don Allah kada hukuma ta ji."

A sama, allo na ɗauke da wata doguwar lamba mai gida goma sha biyu. An goge abin da ke ƙasanta da garaje.

Matar mamacin ce ta yi masa bayani, murya a dishe. Shekara tara mijinta da amininsa Malam Tezuka suka yi suna gwada lambar nan da allon duwatsun lissafi, don su tabbatar babu abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Suka raba aikin biyu. Jarida har ta buga hotonsu.

"Ni dai lambar nan ta cinye mini miji tun yana da rai," in ji ta. "Kwana uku ke nan ko miya ba ya sha."

A aljihun mamacin an sami 'yar takarda, an rubuta 7919.

Onodera ya iske Tezuka a gida, yana zaune gaban tukunyar garwashi.

"Rabona da shi mako guda ke nan," in ji tsohon.

"Malam, ni lissafina bai wuce na kuɗin taba ba. Amma da alama abokinka ya gano lambarku tana rabuwa."

"Kuskure ya yi! Dubu bakwai da ɗari tara da sha tara ba ta..."



"Ban faɗi kowace lamba ba, Malam," in ji Onodera.

Tezuka ya dubi garwashin.

"Tana cikin kasona," ya ce a hankali. "Shekarar da matata take kwance, na tsallake shafi goma sha ɗaya na lambobin gwajin. Na ce masa na gwada. Yau ya kira ni, ya raba doguwar lambar da ita a gabana, ko ɗaya bai yi saura ba. Ya ce gobe zai rubuta wa jarida. Na kama hannun rigarsa a bakin matakala ina roƙonsa, ya fizge, ni kuma na ture shi."

"Ka kira likita?"

"Komawa na yi na goge allon."

Onodera ya murza idanunsa, ya miƙe da ƙyar. Bai fito da ankwa ba.

A bakin ƙofa tsohon ya kasa ɗaure igiyar takalminsa. Sufeton ya durƙusa, ya ɗaure masa, sannan suka nufi mota.