Tawada a Hannun Baba

"Me kake zubawa a kwalin nan?"

Auta ta tsaya a ƙofar ɗakin aikin mijinta, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan a kan cikinta ɗan wata bakwai. Bai ɗago ba. Wuƙaƙen sassaƙarsa yake naɗewa a tsumma, ɗaya bayan ɗaya.

"Na amsa wa Baba," ya ce a hankali. "Gobe zan fara zama a shagonsa."

"Ka amsa?! Da shawarar wa?"

"Auta, mahaifinki ne fa..."

"Ni kuma matarka ce!"

Mai zane ne mijin nata. Yakan sassaƙa hoto a jikin allon katako, ya shafe shi da tawada, ya danna takarda a kai, hoto ya fito. Littattafan yara shida ne suka fito da zanensa. Amma a wurin Baba, mai shagon kayan gini, duk wannan wasan yara ne. Da ya ji haihuwa ta matso sai ya ce magana ta ƙare, jikansa ba zai buɗe ido ya ga ubansa yana ɓata takarda ba.

"Na gaji, masoyiya," in ji mijin Auta. "Kullum ke ake yi wa gori saboda ni."

"Na kawo maka ƙara ne? Ni da wannan hannun mai tawada na gan ka, da shi na so ka. Kada ka taɓa kwalin nan sai na dawo!"

Ta ja mayafinta ta fice.

A shago ta tarar da Baba yana nuna wa wani kwastoma kwanon rufi. Ta gaishe shi da ladabi, ta jawo kujera ta zauna a tsakiyar ƙofa.

"Lafiya, Auta?"

"Baba, ka taɓa ganin aikinsa?"

"Me zan gani a zane-zane?"

"Ko ƙusa ba ka saye sai ka juya ta a hannu. Amma sana'ar mijina ka yanke mata hukunci ido rufe. Ba zan tashi daga nan ba sai ka zo ka gani."

"Ni kike kafa wa sharaɗi?"

"Roƙo nake, Baba... amma a zaune zan yi shi."

Awa biyu masu sayayya suna raɓa ta suna wucewa, wasu na ƙunshe dariya. Ƙafafunta suka kumbura, ba ta motsa ba. Daga ƙarshe Baba ya warci makullin mota yana faɗa.

"Wannan taurin kai dai ba a wurina kika gado shi ba!"

Ɗakin aikin ƙarami ne, warin tawada ya cika shi. An ja igiyoyi daga bango zuwa bango, takardu na shanye a kai. Mai zanen ya durƙusa ya gaishe da surukinsa. Baba ya amsa a daƙile, ya soma bin igiyoyin, hannu a baya, yana duba zane-zanen. Ga tela ta sunkuya a kan keken ɗinki. Ga direba yana gyangyaɗi a kan sitiyari.

Sai ya ja ya tsaya. Lebura ne a takardar, yana hawa tsani da bulo biyu a kafaɗa, wuyansa a karkace, jijiyoyin sun fito raɗau.

"Kai, wa ya nuna maka haka wuya ke yi?"

"Sati uku na yi ina zuwa wurin gini ina kallo, Baba."

Baba ya kai hannu bayan wuyansa ya shafa.

"Shekara tara na yi ina wannan aiki kafin in sami shago," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ban taɓa zaton akwai wanda ke kallonmu ba."

Auta ba ta taɓa jin wannan labarin daga bakinsa ba.

"Nuna min yadda ake yi," in ji Baba.

Mai zanen ya ɗauko allon, ya shafa tawada, ya shimfiɗa takarda. Baba ya naɗe hannun riga ya danna da tafinsa da ƙarfi, ya ɗaga takardar a hankali. Leburan ya fito, yatsun Baba kuma suka yi baƙi ƙirin har farce.

Ya daɗe yana kallo.

"Wannan nawa ne, a shago zan rataye shi." Ya yi gyaran murya. "Amma fa ban ce na janye maganata ba."

"Ko ba ka janye ba, Baba, ba zai zo ba," in ji Auta, hawaye na bin kumatunta. "In ka ga dama ka yi fushi da ni. Zan zo kullum in gaishe ka har ka huce."

Baba ya dube ta, ya dubi surukinsa. Dariyar da yake dannewa ta ƙwace masa.

"Ɗana, Allah Ya ba ka haƙurin zama da wannan. Ni shekara ashirin da biyar na yi ina fama." Ya dafa kafaɗarsa, tawadar ta zauna a rigar. "Riƙe sana'arka. In jikana ya iso, shi za ka fara zana min."

Bayan fitarsa mai zanen ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na girgiza. Auta ta lallaɓa ta zauna kusa da shi, ta jingina kanta da nasa.

"Kukan ya isa haka, nawan. Tashi ka matsa min ƙafa, yau saboda kai suka kumbura."