Idon Inna Tabawa

"Sannu da kasuwa, Inna. Ina gajiya? Ya mutan gida?"

Muryar daga wuyan rigar Likita Sagiru take fitowa, daga wani ɗan maɓalli mai ƙyalli da ake kira Wakili. Shi kuwa Sagiru yana tsaye a gaban rumfar, waya a kunne, idonsa a kan rufin gilashin kasuwar, yana faɗa wa wani a sake duba jinin mara lafiyar gado na tara.

An ƙera Wakili ne saboda koke ya yi yawa a birnin Tudun Rini. Masu sayarwa sun gaji da mutanen da ke nuna kaya da haɓa suna hira da wani can daban. Maimakon a ajiye wayoyin, sai injiniyoyi suka yi na'urar da za ta yi sallama, ta yi ciniki, ta yi godiya a madadin mai ita. Hukumar kasuwa ta ce ladabi ya dawo.

Inna Tabawa mai daddawa da kuka ta amsa cewa ba gajiya, kowa lafiya. Haka ake amsawa. Amma wata bakwai ke nan hazo yana rufe mata ido, na hagu ma da ƙyar yake bambanta rana da inuwa. Da lalube take auna kaya yanzu. Sagiru ɗan ƙawarta marigayiya ne, ita ta goya shi ranar suna, kuma likita ne. Sai dai a tarbiyyarta babba ba ya buɗe baki ya roƙi yaro a tsakiyar kasuwa. Ana gaisawa ne a nutse, yaron ya dube ka, ya ce ko akwai wani abu, sannan ka faɗa. Kowace Juma'a tana jiran wannan kallon, kowace Juma'a Wakili ya gama gaisuwarsa tsaf, ya tambayi kuɗin kuka.

Ranar nan ta zuba masa barkono a madadin kuka ba ta sani ba. Maƙwabciyarta mai tattasai ce ta raɗa mata. Kunya ta kama ta, tsoro kuma ya fi kunyar. Da Sagiru ya miƙo hannu zai karɓi ƙunshin, sai ta riƙe hannun gam. Ya ɗaga mata yatsa alamar ta jira. Wakili ya ce a yi haƙuri, maigidansa na sauri.

"Ba da maɓalli nake magana ba," in ji ta a hankali. "Sagiru, ɗan Ladidi, dube ni."

Ya kashe wayar. Ya durƙusa, ya ɗaga fatar idonta da yatsa, ya haska, ya daɗe yana dubawa. Ya tambaye ta tun yaushe, ta ce tun kafin damina. Ya ce me ya hana ta faɗa.

"Wa zan faɗa wa?"

Ya sake haska idanun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce na dama za a iya cetonsa in sun tafi yanzu. Ta jira ya ambaci na hagu, ta ji yana ta tattara mata ƙore da faifai, yana rufe buhunan da bai san yadda ake ɗaure su ba. Sai ta gane na hagun ya riga ya tafi. Ta miƙa masa hannu, ya kama, suka bi ta layin masu kayan miya.