Maɓallin da Ba Shi da Suna

Kai ma ka gan shi a bakin titin Kakuri, sanda a hannu, waya a kunne, ka kawar da kai ka hau kekenka. Safiya ba ta samu wannan damar ba, domin ofishinsu ya shigo yana neman wanda ya gina shafin ɗaukar malamai na wata makaranta.

Ita ta gina shi. Ya ce sunansa Zakariyya'u. Ya ajiye wayarsa a teburinta, ya kunna manhajar da ke karanta wa makafi rubutun allo. Muryar ta ce, "Maɓalli. Hoto. Maɓalli."

"Malama, wanne ne na turawa?"

Kunya ta kama ta. Ta ƙawata shafin da launi, amma ba ta raɗa wa ko maɓalli ɗaya suna ba. Ta ce ya kawo ta cike masa. Ya ce tun yana yaro ake cike masa takardu, gyara ya zo nema.

Ogansu Jethro ya ce makafi nawa ne za su nemi koyarwa, kamar ba irin wannan lalacin ne ke hana su ba. Safiya ta ci gaba da gyara a lokacin hutunta, Zakariyya'u na gwadawa. Cikin makonni uku soyayya ta ƙullu, ya koma kiranta Safina, har suka fara maganar aure.

Mahaifinta Alhaji Audu, tela a Makera, ya ce ba zai aurar da 'yarsa ta zama 'yar jagora ba, ga Mustapha ɗan ƙaninsa yana jira. Da ta dage, sai ya gindaya sharaɗi: yaron ya zo shagonsa ranar Juma'a ya cike takardar neman koyarwar a gabansa, ba mai taɓa masa waya. In ya kasa, magana ta mutu. Ƙarfe huɗu na ranar za a rufe shafin. Ranar Alhamis Safiya ta kammala gyaran ta ɗora.

Ana saukowa daga masallaci saƙonsa ya shigo: "Safina, shafin ya koma faɗin maɓalli, maɓalli. Ina zaune gaban Baba. In kin fasa ne, ki faɗa min da bakinki."

Ta duba. Jethro ne ya mayar da tsohon shafin, wai ya fi kyan gani. Ta gaya masa ko ya ba ta makullin shiga shafin, ko yau ta ajiye aikinsa. Uku da rabi ya miƙa. Ta mayar da gyaran, ta rubuta: "Ban fasa ba, nawa. Sake gwadawa."

A shago, Mustapha na duba agogo. Yatsan Zakariyya'u na tafiya a kan allo, muryar na kiran suna, shekaru, makaranta. Saura minti shida ta ce, "An karɓi takardarka."

Alhaji ya tsayar da keken ɗinkinsa. Ya ce, "Ka turo manyanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, ango ya riga ya fara koyarwa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.

Kai kuma, ofishinku na da shafi. Gobe da safe ka kunna manhajar karanta allo a wayarka, ka saurari abin da shafin ke faɗa. In bai iya magana ba, kira wanda ya gina shi ya gyara kafin ku tashi.